Abin da ya haɗa kilon kasuwa da kimiyyar kwantum

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2025 a matsayin Shekarar Kimiyyar Kwantum, wato ilimin halayyar ƙwayoyin zarra, kuma Ghana ce ta gabatar da ƙudurin a zauren majalisar. Mai karatu zai iya ɗauka wannan bikin masu ɗakin gwaji ne kawai. Sai dai duk ɗan kasuwar da ke ɗora buhu a kan sikeli yana da hannu a maganar.

Daga 1889, ma'aunin kilo na duniya wani dunƙulen ƙarfe ne da aka adana a Sèvres, kusa da Faris. Da shekaru suka tura, sai aka lura nauyinsa yana saɓawa da na kwafe-kwafensa. Saboda haka tun daga 20 ga Mayun 2019 aka ɗora ma'anar kilo a kan adadin Planck, lamba guda wadda ba ta tsatsa, ba ta kuma ɓata.

Me wannan lamba ke aunawa? Abin da masana ke kira "aiki", wato kuzari idan aka ninka shi da lokaci. Tun a 1744 Maupertuis na Faransa ya ce idan abu ya tashi daga nan zuwa can, yakan bi hanyar da aikinta ya fi ƙaranci. Hamilton ya daidaita lissafin a 1834. Amma ta yaya dutsen da aka jefa ke sanin hanyarsa tun bai bi ta ba?

Amsar ta jira Dirac a 1933, sannan Richard Feynman, wanda ya kammala ta a 1948. A bayaninsa, ƙwayar lantarki tana bin dukkan hanyoyin da za su yiwu a lokaci guda, kowace hanya da gudummawarta gwargwadon aikinta idan aka raba shi da adadin Planck. Akasarin hanyoyin sukan soke juna, waɗanda ke kusa da hanyar Maupertuis kuwa sai su ƙarfafi juna. Ga buhun shinkafa, aikin ya yi wa adadin Planck nisan da hanya ɗaya tak ido ke gani. A kan wannan tsari aka rubuta ƙa'idar ƙananan ƙwayoyin halitta da ta yi hasashen ƙwayar Higgs, wadda aka gano a CERN a 2012.

Shekaru 275 ke nan tsakanin tunanin Maupertuis da sabon kilo, abin da ya kamata jami'an da ke tambayar ribar binciken tushe a kasafin shekara ɗaya su yi la'akari da shi.

A nan gida kuwa, matsalar ta fi kusa. Kilon duniya ya daidaita, amma amfaninsa ba zai isa ga mai saye ba sai Sashen Awo da Ma'auni na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya ya riƙa duba sikelin mahauta da famfon gidan mai a kai a kai. A kasuwannin hatsi kuma har gobe mudu da tiya ke mulki, kowane gari da girman nasa.