Amanar Tafinta: Masu Shiga Tsakani Wajen Gyaran Dokokinmu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Duk lokacin da wata ƙasa ko ƙungiya ta ƙetare ta kawo kuɗi da ƙwararru domin gyara dokokin wata al'umma, akwai mutumin da ba a cika ambato ba, alhali shi ne ƙashin bayan aikin. Shi ne ɗan ƙasa mai jin harshen baƙo da harshen gida: lauya, malamin jami'a, alƙali mai ritaya ko shugaban ƙungiya. Shi ke gaya wa baƙo abin da jama'a za su karɓa, shi kuma ke gaya wa jama'a nufin baƙo. Ra'ayina shi ne, idan mulki ya kasance na wanda talaka ba ya iya tuhuma, alheri ko sharrin gyaran yana rataye ne a wuyan wannan tafinta, don haka wajibi ne mu san shi, mu kuma tuhume shi.

Tarihin Arewa ya ishe mu misali. A 1958, ana gab da ba Jihar Arewa mulkin kai, Turawan Ingila suka matsa a sake fasalin shari'ar laifuffuka, musamman bayan koke-koken ƙananan ƙabilu a gaban hukumar Willink. Aka kafa kwamitin masana a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan da Farfesa Anderson na Landan, sai 'yan gida uku: Shettima Kashim, Peter Achimugu da Alƙali Musa na Bida. Shawararsu ce ta haifi dokar Final Kod, wadda aka tsara bisa ta Sudan, ita kuma ta Sudan jikar dokar Indiya ce ta 1860. Ta fara aiki a 1960, ta karɓe hukuncin laifuffuka daga littattafan Malikiyya.

Abin lura shi ne rawar da 'yan gida suka taka. Sardauna ne ya ɗauki nauyin shawo kan sarakuna, aka kuma ba kwamitin malamai a ƙarƙashin Waziri Junaidu na Sakkwato daftarin ya duba. A sakamakon irin wannan ja-in-ja dokar ta riƙe shan giya da zina a matsayin laifi ga Musulmi, har da bulalar haddi, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Wato tafinta mai ilimi da kishi yana iya ceto wani abu ko da ƙarfi ba a hannunsa yake ba. Gyaran kuma bai rasa amfani ba, domin 'yan NEPU da suka sha ɗauri a kotunan En'e sun san cewa rubutacciyar doka kan rage wa mai iko damar yin yadda ya ga dama. Sai dai manomi da ɗan kasuwa ba a tambaye su ba. Shi ya sa bayan shekara arba'in, da Zamfara ta buɗe ƙofa a 1999, Kano ta bi a 2000, aka ga cewa abin da manya suka daidaita a kansa a Kaduna bai taɓa zama a zukatan jama'a ba.

Zamanin soja ya ƙara fito da matsalar fili. Tun daga 1967 aka rushe kotunan sarakuna, aka mai da na alƙalai kotunan yanki. A 1995, shekarar da aka rataye Ken Saro-Wiwa har ƙungiyar Kwamanwel ta dakatar da Nijeriya, gwamnatin Abacha ta kafa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Mai mulkin danniya yana son gyaran da zai wanke shi a idon duniya, ba ya son wanda zai ɗaure masa hannu. Mai ba da tallafi kuma yana son rahoton da zai nuna wa majalisar ƙasarsa. Tafinta na tsakaninsu da iyayen gida uku: mai kuɗi yana iya yanke masa kwangila, mai mulki yana iya tsare shi, talaka kaɗai ne ba ya iya yi masa komai. Ba sai an faɗa ba, haƙƙin na ukun ne ke fara salwanta.

Maƙwabciyarmu Nijar ta nuna ƙarshen dokar da ba ta da saiwa. A 2015 aka zartar da dokar hana safarar baƙin haure, wadda Tarayyar Turai ta mara wa baya, ta durƙusar da sana'ar direbobi da masu masauki a Agadas. Sojojin da suka karɓi mulki a Yulin 2023 suka soke ta a Nuwamban shekarar. An kafa ta ba da yardar mutanen Agadas ba, an soke ta ba tare da majalisa ba.

Wani zai ce ai yanzu farar hula ke mulki a nan. Haka ne, kuma shirye-shiryen da Ingila da Tarayyar Turai suka ɗauki nauyi a Kano sun taimaka, har jihar ta sami dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka a 2019. Amma al'adar nan ta tsara doka a ɗakin taron otal, da Turanci, tsakanin mutanen da suka saba haɗuwa, ba ta mutu ba. Leburan da ke zaune a Dakata, wanda aka sallama daga masana'anta a Bompai ko Sharada ba tare da haƙƙinsa ba, sau da yawa bai ma san akwai Kotun Ma'aikata a Kano ba. Mutanen da ruwan majemun Challawa ke ɓata wa gonaki, wa ya kai maganarsu teburin? Idan an ce an tuntuɓi jama'a, wace jama'a ake nufi?

Musulunci bai hana koyo daga baƙo ba. Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa domin ya sami amintaccen mai karanta masa wasiƙu, malaman fiƙihu kuma sun shardanta adalci ga mai yi wa alƙali tafinta. A nan Kano Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam domin shiryar da masu hukunci. Ma'aunin dai amana ce.

Saboda haka muna da haƙƙin neman abu uku. Duk mai tallata wani daftarin doka ya bayyana wanda ya ɗauki nauyinsa. A fassara daftarin da Hausa, a karanta a rediyo, a tattauna a masallatai da ƙungiyoyin ma'aikata kafin majalisa ta taɓa shi. Malaman da ake gayyata taro kuma su karanta kafin su sa hannu, kada kuɗin zama ya rufe musu baki.

Ku kuma ɗalibai, musamman na Jami'ar Bayero da Kwalejin Shari'a ta Aminu Kano, ku ne tafintocin gobe. Ku ƙware a fiƙihu, ku ƙware a dokar ƙasa da Turancinta, domin wanda ya san ɓangare ɗaya kawai, ko dai a yaudare shi ko ya ƙi abin da ke da amfani. In kun zauna a teburin, ku tuna da wanda ba a gayyata ba.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya kare mu daga sayar da haƙƙin raunana. Amin.