Zuwa ga Masu Kai Baƙi Kan Dutse a Djougou da Parakou



Duwatsunmu ba su da tsayi, kada mu ruɗi kanmu. Sokbaro da ke kan iyakar Togo, wanda ake lissafawa a matsayin mafi tsayi a Benin, mita 658 ne. Tuddan Taneka wajen Copargo da Soubakpérou na dajin Wari-Maro ma ba su kai mita 700 ba. Abin da ke kayar da baƙo a nan shi ne ranar Maris da Afrilu, santsin falalen dutse bayan ruwa, ƙudan zuma a kogo, da gobarar daji da hunturu. Kun fi ni sanin waɗannan.

Maganata da wanda idonsa ya fara hango nesa ne: Gangirwal na Taraba mai mita 2,419, dutsen Kamaru da ya haura mita 4,000, ko Kilimanjaro mai mita 5,895. Ƙarfin ƙafar da kake taƙama da shi a Taneka shi zai fara cutarka a can. Daga kusan mita 2,500 iska takan fara yi wa jiki kaɗan, a ƙolin Kilimanjaro kuwa numfashi ɗaya bai fi rabin na bakin teku a Kwatano amfani ba. Ciwon kai ne kan fara, sai tashin zuciya, sai barci ya gagara. Majiyi ƙarfi ma yakan shiga hatsari, domin yakan yi sauri ya kai inda jikinsa bai shirya ba. Likitocin wannan fanni sun yi ƙa'ida: in an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Wanda ya fara tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, ko yana haki alhali a zaune yake, a sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne. Ba shayi, ba "bari gari ya waye".

Nan ne sana'ar take da wuya. Baƙo ya kashe kuɗin jirgi, ga ƙoli yana gani da idonsa, kai kuma za ka ce a juya. A watan Mayu na 1996 mutum takwas suka mutu a Everest cikin guguwa guda, har da manyan jagorori, bayan wasu sun zarce lokacin da ya kamata su juyo. Garuruwanku biyu a da zangon fataken goro ne tsakanin Gwanja da Kano, kuma a ayari in madugu ya ce a sauke kaya, mai jaki hamsin da mai jaki ɗaya duk saukewa suke. Irin wannan iko ba a kan gangare ake nemansa ba, tun a gindin dutse ake karɓarsa. Ku faɗi ƙarfe nawa za a juya, an kai ko ba a kai ba. Ku kuma yanke lada a kan haka, domin jagoran da sai an taka ƙoli za a cika masa kuɗinsa, aljihunsa ne zai yi masa hukunci.

Ku fara gwada wannan a gida. Baƙon da ya daina gumi a tsakar rana yana sambatu, sauko da shi inuwa, ko da saura taku ashirin. Kuma Taneka Beri gari ne mai masu shi, da wuraren da ba a shiga. Kakanninsu gudun mahara ya hau da su, ba yawon buɗe ido ba. A gaida manya, a nemi izini kafin a ɗaga kyamara.

Sai batun sanyi, wanda ɗan Parakou yake zaton ya sani don ya ga hazon Janairu. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi kan ragu da digiri shida da ɗoriya, ƙolin Kilimanjaro kuwa ruwa daskarewa yake a gora. Rigunan sanyi na gwanjo suna yi, in an jera uku ɗaya kan ɗaya, amma ban da auduga a jikin fata, don in ta jiƙe da gumi ba ta bushewa da wuri. Takalmi kuma kada a kai shi dutse sabo. A taka shi makonni tukuna. Ɗan dakon da ke ɗauke da tantinku, ku duba ƙafarsa kafin a tashi, kada ya bi ku da silifas.

Allah ya kai ku lafiya, ya sauko da ku lafiya.

Wassalam,
Yayanku