Sayen Kayan Gyaran Tsohuwar Mota ta Waya: Ci Gaba ne ko Cinikin Biri a Sama?

Batun da na ɗauko a wannan fitowa ta mujallarmu batu ne na mota, amma ba irin motocin da samari ke taruwa suna kallo a ƙofar gidan biki ba. Ina nufin tsohuwar Peugeot 504, wadda iyayenmu ke kira Fijo, da kuma sabuwar al'adar nan ta sayen kayan gyaranta ta wayar hannu daga wurin mutumin da ba a taɓa gani ba. Wasu na cewa wannan ci gaba ne, wasu kuwa na cewa cinikin biri a sama ne. Ni a nawa ra'ayi hanya ce mai amfani, kuma ba makawa sai an bi ta, amma duk wanda ya bi ta ido rufe, to dukiyarsa da rayukan fasinjojinsa ya sa a caca.

Da farko ya kamata mu san ko wace ce wannan mota. A ƙasar Faransa aka fara ƙera ta a 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta shekara. A 1975 ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya, wanda ake yi a kan hanyoyin ƙura da taɓo. A wannan shekara ta 1975 ne kuma kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a ƙasarmu, ba da jimawa ba ta zama motar gwamnati, tun daga manyan sakatarori har shugaban ƙasa na mulkin soja, Janar Obasanjo. Faransawa sun daina yin ƙaramar 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har wajajen 2005. Ke nan wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ta girme ni, mafi yawansu kuwa sun girmi wasu daga cikin malamanmu.

Abin da ya sa ta yi farin jini ba ɓoyayye ba ne. Tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafun baya ne ke tura ta, ga juriyar gargada. Injinta kuma ba shi da wata kwamfuta a ciki, bakanike mai sifana da sukundireba da kunnen sauraro yana iya tayar da ita a gindin bishiya. Shi ya sa ko da Golf da Sharon suka mamaye tashoshinmu, har yanzu jefi-jefi ana cin karo da ita, doguwa ko a-kori-kura, a hanyar Illela ko Wurno ko Tambuwal, ta sha lodin albasa ko gero ko mutane 'yan cin kasuwa. Bature mai irin wannan mota ado yake yi da ita, ya goge ta ya fito ran Lahadi. Mu a nan abinci ake nema da ita. Ranar da ta kwana a gareji, akwai gidan da tukunya ba za ta hau murhu ba.

To, ina matsalar take? Matsalar ita ce kayan gyara. Tun da aka daina ƙera motar, sababbin kayanta na asali suka yi ta ja da baya. Ɗan kasuwa kuwa ba ya tara abin da sai an yi wata uku kafin a tambaya, saboda haka masu shagunan kayan mota na cikin gari suka koma ga na motocin Japan da Jamus. Ga kuma faɗuwar darajar Naira. A 1980 Naira ɗaya ta fi Dalar Amurka ɗaya daraja. Daga 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, sai ta fara gangarowa, har a 2024 Dala ɗaya ta haura Naira 1,500. Duk abin da ke zuwa daga waje sai da ya ji a jikinsa.

A da, in kafireta ko lagireto ya gagara samuwa a Sakkwato, sai mai mota ya tattara ya nufi Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, in ta yi tsanani ya dangana da Ladipo a Ikko ko kasuwar Nnewi. Ya biya kuɗin mota, ya biya na masauki da abinci, ya bar aikinsa na kwana da kwanaki, wani lokaci ma ya dawo hannu rabbana. Tsakanin Sakkwato da Ikko akwai kimanin kilomita 1,000. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, kuɗin tafiyar kaɗai yana iya fin kuɗin abin da za a sayo. Ba a ma maganar hatsarin hanya da fargabar 'yan fashin daji.

Yanzu fa? Bakanike zai ɗauki hoton abin da ya lalace, ya tura ta WhatsApp, ko a duba dandalin talla na intanet irin su Jiji da Facebook. Kafin la'asar an sami mai shi, an yi ciniki, an tura kuɗi ta banki, an ba direban babbar mota saƙo, bayan kwana biyu ko uku a je tasha a karɓa. Wanda ke da hali yana iya nema har Turai, domin a garin Sochaux na Faransa, inda gidan tarihin Peugeot yake, akwai masu kula da kayan tsofaffin motocin kamfanin. Haƙiƙa wanda ya ce wannan ba sauƙi ba ne bai yi adalci ba. Saboda haka ban goyi bayan dattawan da ke cewa a yi watsi da hanyar ɗungurungum ba. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Amma fa akwai ramuka huɗu a kan wannan hanya, kuma kowanne ya isa ya karya mutum.

Rami na farko shi ne a aiko da abin da bai dace ba. Mutane da yawa sun ɗauka 504 iri ɗaya ce, alhali kuwa ba haka ba ne. Akwai mai injin fetur na 1.8, akwai na 2.0, akwai mai shan gas. Ƙafafun bayan doguwa da na a-kori-kura ba su zama ɗaya da na yawancin ƙananan ba. Bugu da ƙari, Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, saboda haka sitiyarin motocinmu a hagu yake, na Ingila da Kenya kuwa a dama. Wanda ya sayo kayan sitiyari daga can ya sayi baƙin ciki da kuɗinsa. Sannan motar da ta shekara 30 tana yawo hannu-hannu, da wuya a ce injin da ta fito da shi ne a cikinta. Hoto ba ya nuna awo. Bambancin da bai kai kaurin farce ba ya isa ya hana ƙarfe zama a mazauninsa.

Rami na biyu, wanda ya fi kowanne muni, shi ne jabu da ruɓaɓɓen gwanjo. A cikin hoto, kwali mai tambarin zaki duk ɗaya ne, ko na gaske ko na bogi. Tsohon ƙarfe kuma in aka wanke shi da fetur aka fesa masa fenti, sai ya yi ƙyalli kamar sabo. A shago mutum zai ɗaga ya ji nauyi, ya ƙwanƙwasa ya ji amo, ya lanƙwasa roba ya ga ko ta tsattsage. A waya babu ko ɗaya. Mu kuwa a ƙasar zafi muke, inda a watan Afrilu da Mayu awon zafi ke haura 40. Robar da ta shekara 20 a ajiye, ko ba a taɓa ɗaura ta ba, ta riga ta bushe. In tiyon lagireto ne ya fashe, asarar inji ce. In kuwa robar birki ce ta saki, a mota mai ɗauke da mutum tara a kan hanyar kasuwa, to sai dai a ce inna lillahi. Fasinjan da ya biya kuɗinsa ya shiga bai san da wane irin birki aka ɗauko shi ba. Araha dai ba ta ado.

Rami na uku shi ne damfara tsagwaronta. Wani ba shi da shago, ba shi da ko ƙusa, hotunan wasu yake kwasowa ya liƙa. Zai yi ta zaƙin baki, yana rantse-rantse, yana cewa wani ma na nan zai saya in ba a yi sauri ba. Da kuɗi sun shiga, sai waya ta mutu. Wani maƙwabcinmu direba haka aka yi masa a kan akwatin giya, kuɗin da ya ranto ne wurin surukinsa, motar kuma ta ƙara wata biyu a kan duwatsu.

Rami na huɗu ya shafi masu saye daga ƙasashen waje. Farashin da aka rubuta ba shi ne ƙarshen magana ba. Akwai kuɗin jirgi, wanda ake yankewa bisa nauyi, ƙarfe kuwa ba auduga ba ne. Akwai kuɗin kwastan, akwai canji. In kuma kaya suka iso ba su yi ba, mayar da su ya fi sayensu tsada.

Abin sha'awa shi ne malamanmu sun daɗe da yin magana a kan irin wannan ciniki, tun ba a san za a yi mota ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan garin nan, an halatta sayar da abin da ba ya nan idan an siffanta shi, amma ba a yarda a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin ya iso ba, sai in yana kusa, ko kuwa abu ne da ba ya saurin sauyawa kamar gida ko gona. Dubi hikimar da ke ciki. Siffa cikakkiya, da kuma riƙe kuɗi har a gani. Waɗannan biyun su ne maganin yawancin ramukan da na lissafa.

Saboda haka ga shawarata ga masu motoci. Kada mai mota ya yi ciniki shi kaɗai, ya sa bakanikensa a gaba, domin tsohon doki sai mai shi. A kwance tsohon abin tukuna, a karanta lambar da ke jikinsa, a auna shi, a tura wa mai sayarwa. A nemi ya nuna kayan ta bidiyo kai tsaye, yana juya shi a hannunsa, a cikin shagonsa. In da hali a sami ɗan gari mazaunin Kano ko Ikko ya je ya gani da idonsa, gani ya kori ji. Kada a biya duka sai kaya sun iso, a kuma yi sharaɗin mayarwa a rubuce tun kafin a tura ko kwabo. Ƙofa ko fitila ko gilashi, ba laifi a sayi gwanjonsu. Amma birki da kayan sitiyari da taya, kada a kuskura a sayi tsoho, ko da kyauta aka bayar. Wanda kuma aka cuta kada ya yi shiru don jin kunya, ya kai ƙara wurin 'yan sanda da bankinsa da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, domin shirunsa ne ke ba macuci damar cutar na gaba.

Na san wasu abokaina za su ce, me ya kai mu ɓata tawada a kan gwangwani? A sayar wa 'yan bola-jari mana a huta! Amsata ita ce, faɗa da baki ba wuya. Wanda ke fama da kuɗin fulogi, da me zai sayi wata motar? Na yarda motar da gindinta ya ruɓe, wadda ba ta gyaruwa, haƙƙi ne a sauke ta daga hanya, kuma aikin jami'an duba lafiyar motoci ne su tabbatar da haka ba tare da karɓar na goro ba. Amma wadda ƙashinta ke da ƙwari, gyaranta ya fi zubar da ita. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai akwai abin da ya fi damuna a cikin wannan al'amari duka. A shekarun 1970 zuwa farkon 1980 ƙasar nan na harhaɗa Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Ikko, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu. Yau ga mu muna leƙen waya muna roƙon wani ya aiko mana da 'yar roba daga nisan duniya. Mutanen Nnewi da sayar da kayan mota suka fara, daga baya suka kafa masana'antun yin su. Mu da muka gāji ƙira da jima tun kaka da kakanni, har fatar akuyarmu ta yi suna a Turai, me zai hana mu? Ina kira ga gwamnatin jiha ta wadata makarantun koyon sana'a da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da injunan sassaƙa ƙarfe, a kuma haɗa ɗalibai da tsofaffin kanikawa kafin su tafi da iliminsu. Ƙungiyar kanikawa da ta direbobi su ma su tanadi sunayen amintattun 'yan kasuwa, su riƙa sanar da junansu macuta. Zai kuma yi kyau a sami Fijo ɗaya mai lafiya a adana ta a gidan tarihi na Waziri Junaidu, don na baya su ga motar da ta yi wa iyayensu bauta.

Daga ƙarshe, ya ku 'yan'uwana ɗalibai, mu ne muka fi iyayenmu sanin waya, in mun je hutu mu za a miƙa wa a ce mu duba. To, mu duba da hankali, kada ɗokin nuna gwaninta ya sa mu jefa su a rami. Allah ya kiyaye hanya, ya ba iyayenmu halaliya, ya raba mu da macuta, amin.