Takin da ya iso bayan maimai

Zuwa ga 'yan kasuwa da dillalai, na Wurno da Achida, na Rabah da Gandi, na Goronyo da Shinaka. Yau maganar taki da iri za mu yi, da lokacin da ya kamata su iso. Mun lura mu 'yan kasuwa idonmu na bisa kuɗin buhu kullum, amma ranar da buhun zai kai hannun manomi ba mu cika lissafa ta ba. Alhali a wagga ƙasa tamu ranar ita ce rabin cinikin.

Kowa ya san daminarmu gajera ce. Ruwa bai cika zama ba sai tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli, kuma kafin Oktoba ta yi nisa ya ɗauke. Dattawan da ke lissafi da taurari sun ba damina taurari bakwai, kusan kowane kwana 13, wato wata uku ke nan da 'yan kwanaki. To cikin waɗanga kwanaki kowane taki da ranarsa. Kamfa ana son shi wajen shuka, ko cikin mako biyu bayan tsiro, don shi ke kafa saiwa. Yuriya tana biyo baya, mako huɗu zuwa shida, wajen maimai, kuma a binne ta cikin ƙasa mai laima, don in an watsa ta bisa busasshiyar ƙasa rana da iska su ka ci. Kamfan da ya iso tsakiyar Agusta, gero ya riga ya yi ciki, wa zai saye shi? Sai dai shi kwana sito.

Me ya sa shi ke makara? Mu faɗi gaskiya, jiran gwamnati ne, daga manomi har ɗan kasuwa. Wanga jira ya daɗe. Tun 1976, zamanin shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo, anka saba wa mutane da taki mai rangwame, gwamnati ta sayo, gwamnati ta raba. Shagari ya zo da nasa shirin na noma a 1980. A 2012, zamanin minista Akinwumi Adesina, anka koma aiko saƙo ta waya, manomi shi je shi karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Ƙarshen 2016 gwamnatin Buhari ta ƙulla yarjejeniya da Maroko, anka riƙa haɗa kamfa cikin gida, buhu Naira 5,500. Wanga farashi yau ya zama labari, ya ninka sau da yawa, balle bayan da yaƙin Rasha da Yukiren ya tashi a 2022. A 2024 ma Babban Bankin Nijeriya ya ba ma'aikatar gona buhu miliyan 2 da dubu 150 a raba. Ba mu ce waɗanga shirye-shirye ba su amfani kowa ba, sun amfana. Amma kuka guda ne ake yi tun wancan zamani har yau: kaya bai isa ba, kuma bai zo kan kari ba. Kasafin kuɗi da kwangila da bikin ƙaddamarwa suna da nasu lokaci, hadari kuwa ba ya jiran sa hannu.

Mun san tsoron ɗan kasuwa, kuma ba tsoron banza ba ne. Ka zuba jarinka a taki tun Afrilu, sai ga na rangwame ya fito a Yuli, wani ya bi ta bayan gida ya faɗo kasuwa da araha, naka ya yi kwantai. Da yawa cikinmu sun taɓa shan wagga. Shi ya sa kowa ke riƙe kuɗinsa sai ya ga inda gwamnati ta dosa. Sa'an nan ruwa shi sauka, kowa shi ruga Sakkwato ko Kano rana guda, kuɗin mota shi hau, buhu shi hau, manomi shi ce mun ɓoye kaya.

To amma ku duba. Buhu biyu na rangwame, ko sun iso, ba su ƙosar da kadada guda ta shinkafa, sauran dole kasuwa za a zo. Na biyu, kuma nan ne muke son a tsaya: mu mutanen fadamar Rima ba damina guda muke ci ba. Ɗan kasuwar tudu, in takinsa ya wuce Agusta, sai baɗi. Mu kuwa Satumba da Oktoba ana renon irin albasa, Nuwamba ana dashe, ana shuka tafarnuwa, alkama daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba don ta sami sanyin hunturu, shinkafar rani na biye. Duk waɗanga masu cin taki ne, sun ma fi gero da dawa ci. Buhun da bai fita da damina ba zai fita da rani, wata uku tsakani. Sharaɗi guda, a adana shi da kyau: bisa katako, ba bisa daɓe ba, nesa da bango, ƙarƙashin rufin da ba ya yoyo. Yuriya mayyar laima ce, ta sha ta dunƙule kamar dutse, mai saye shi taɓa buhu shi wuce. Don haka muke cewa kwantan da ake tsoro a nan ƙarami ne, bai kai asarar sayen kaya rana guda da duk duniya ba.

Sai dai noman rani shi ma da nasa lissafi, wato ruwa. Madatsar Goronyo, wadda anka gama ginawa a 1984, an yi ta don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, kuma ita ke shayar da gonakin Falaliya da Takakume, har birnin Sakkwato na sha daga gare ta. Mun ga fuskokinta biyu. Satumbar 2010 ruwa ya yi yawa, ambaliya ta share gonaki da ƙauyuka, har gadar hanyar jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta tafi. Farkon 2018 kuwa ruwan ya janye har abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Mutanen Wurno kuma ba sai an ba su labarin abin da karyewar madatsar Lugu ta jawo wa gonakinsu ba. Saboda haka wanda zai ba da kayan rani bashi, kafin shi buɗe littafi, shi tambayi malaman gona da ma'aikatan hukumar kogin Sakkwato da Rima yadda ruwa ya kwana ƙarshen damina. Shi kuma tambayi mai gonar: magudanar gwamnati kake sha, ko rijiyarka da injinka? In inji ne, akwai maganar mai. Tun da anka cire tallafin fetur a Mayun 2023, mai ya zama kayan gona kamar taki, shi ya sa wasu sunka juya injinsu zuwa gas, masu hali sunka koma na hasken rana.

Sai iri, kuma a nan laifin namu ya fi yawa. Irin albasa ba ya son kwana. Ya shekara, balle cikin zafin shagon kwano, rabinsa ya mutu, ido kuwa ba ya bambance mai rai da matacce. Manomi shi ɗauka bisa amana, shi yi reno, shi jira kwana goma, shi ga fili. Kafin shi sake wani, sanyi ya tafi da rabi. Mun ga yadda abin ya tsananta lokacin da anka rufe iyakar Illela da Kwanni a Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, ba a buɗe ta wajenmu ba sai Maris 2024. Daidai lokacin reno ke nan, kuma irin Galmi da manomanmu ke so ta can shi ke fitowa. Da na kirki ya yi wuya, kowane tarkace ya sami kasuwa. Gwaji kuwa ba shi da tsada: ƙirga ƙwaya ɗari, sa cikin jiƙaƙƙen tsumma, aje inuwa, ka riƙa yayyafa ruwa, bayan mako guda zuwa kwana goma ka ƙirga waɗanda sunka tsiro. Dillalin da ya yi haka gaban mai saye, baɗi ba sai ya yi kira ba. Masu cuɗa taki da yashi ko sauya buhu kuwa, su sani tun 2019 akwai dokar tarayya bisa ingancin taki, akwai ta iri. Ko babu doka ma, garuruwanmu ƙanana ne, kowa ya san shagon da ya sayi abin da ya kashe masa gona.

Abu guda kuma da ya kamata a sa cikin lissafi. A 2025 hatsi da shanshera sun faɗi, taki bai faɗi tare da su ba. Manomi da buhun shinkafarsa shi ke auna buhun taki, in ya ga ba ta fisshe shi sai shi rage gona ko shi sayi tiya-tiya. Wanda ya ce shi sai buhu cikakke zai sayar, zai yi zaman jira. A tanadi awo na gaskiya, a buɗe buhu. In bashi ne zuwa kaka, a rubuta adadi da rana gaban shaidu, kar a bar shi a baki.

Maganar tsaro ba mu tsawaita ta, kowa na cikinta. Wanda ya san abin da ya faru a kasuwar Goronyo ran Lahadi cikin Oktoban 2021 ba ya tara jarinsa duka a sito guda na ƙauye, kuma ba ya barin ɗauko kaya sai ranar da dole ta sa shi bin hanya da duhu. Wanga ma wani dalili ne na yin sayayya da wuri, kaɗan-kaɗan, da rana tsaka.

Shawararmu dai, kamfan damina shi kasance cikin sito kafin Mayu ta ƙare, yuriya kafin tsakiyar Yuni, irin albasa a gwada shi cikin Agusta. Masu ƙaramin jari su haɗa kai mutum huɗu ko biyar su ɗauko mota guda, kuɗin dako shi ragu. Wakilanmu na Achida da Gandi da Goronyo kuma muna roƙo, in za ku aiko farashin mako, ku haɗa da na kamfa da yuriya, na buhu daban, na tiya daban.