Shayin Ganye Ba Ya Son Gaggawa

Duk wanda ya zauna a majalisa a Kambaza bayan la'asar ya san shayin ganye ba ya son gaggawa. Koren ganyen nan na ƙasar Sin sai ya daɗe yana tafasa a 'yar buta kan garwashi, a jefa na'a-na'a da kanumfari, a yi ta juye shi daga sama har kumfa ta hau kofi. Zagayen farko da ɗaci, na biyu daidai, na uku da zaƙi. Ni a ganina ribar tana cikin jiran, domin a nan ake gaisawa, a ji lafiyar maƙwabci, a sasanta saɓani. Don Allah mu riƙe wannan zama da kyau.