A Kai 'Yan Makaranta Wuraren Da Kakanni Suka Keɓe

Kowace shekara, idan zangon karatu ya kusa ƙarewa, sai a ga makarantu sun ɗauki hayar mota an cika ta da yara, wai za a tafi ziyarar ilmi. Galibi birnin Sakkwato ake nufa, ko madatsar ruwa ta Goronyo, a zaga, a ɗauki hoto, a ci guzuri, a komo gida da la'asar. Ba mu ce wannan ba shi da amfani ba. Amma abin da muke tambayar Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Sakkwato shi ne, don me yaron da ya tashi a Darna Sabon Gari, ko Kalmalo, ko Araba, cikin Ƙaramar Hukumar Illela, zai iya gama sakandare bai taɓa taka wuraren da kakanninsa suka keɓe suka girmama ba, alhali kuwa suna nan kewaye da shi?

Mai karatu ya duba da kansa. A kudu, cikin ƙasar Gwadabawa, ga Degel inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa har ya yi hijira a watan Fabrairu na 1804. A yamma ga Gudu inda aka yi masa mubaya'a, da Tafkin Kwatto inda aka gwabza da Yunfa Sarkin Gobir a watan Yuni na wannan shekara. Maratta kuwa, inda aka haife shi a 1754, tana ƙetaren iyaka cikin Jamhuriyar Nijar. Idan aka ƙara nisa wajen Binji da Silame, sai a iske kufan Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya gina da ganuwar dutse a ƙarni na 16, wanda Gwamnatin Tarayya ta sa cikin kayayyakin tarihi na ƙasa tun 1964, aka kuma shigar da sunansa cikin jerin masu jiran amincewar Hukumar UNESCO a 2007. Sa'an nan akwai wanda mutane ba su cika son ambata a cikin aji ba, watau Massalata, ƙauyen da ke daf da Birnin Ƙonni, inda Azna ke taruwa shekara shekara don arwa.

To, ganin wurin kawai ba shi ne ilmin ba. Abin da ya kamata yaro ya koyo shi ne yadda wurin ya kawo yau. Babu ɗaya daga cikinsu da ya tsira saboda takardar da wani akawu ya rubuta a ofis. Sun tsira ne domin akwai mutanen da suka gaji tsaronsu, kuma akwai hani wanda kowa ya sani: kada a sa gatari a wannan itace, kada a cinna wuta a wannan kurmi, kada a shiga sai da izni. Haka al'adar buɗin daji take a ƙasar Hausa tun zamanin da, ba a fita farautar gayya sai shugabannin mafarauta sun buɗe daji, ta haka namun dawa ke samun lokacin hayayyafa. A Damagaram ana ba da labarin irin hukunci mai tsanani da sarakuna suka ajiye wa duk wanda ya sare gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma ciyar da dabbobi da rani. Malamin aikin gona na yau zai bayyana wannan da alli a kan allo, amma tsofaffin nan sun riga shi aiki da shi. A ƙasar da hamada ke matsowa kowace shekara, kuma itacen girki ke ƙara tsada, ɗalibin Illela ya fi bukatar wannan darasi bisa hoton da zai ɗauka a bakin madatsa.

Saboda haka tilas a sake tsarin ziyarar. Mai tsaron wurin shi ne malami ran nan, malamin makaranta kuwa ya koma ɗan rakiya. A aika tun da wuri a nemi izni ta hannun hakimi ko dagaci, a tambayi abin da aka hana, a gaya wa yara tun kafin su hau mota. Inda aka ce a tuɓe takalmi a tuɓe, inda aka ce kada a ɗauki hoto a mayar da waya aljihu, kuma ko tsakuwa kada wani ya ɗauko wai don tunawa. Idan masu wurin sun yarda, yara su yi aikin hannu: su share, su kwashe leda, su ƙirga itatuwa su rubuta sunayensu da Hausa, domin ajin da zai zo baɗi ya gwada ya ga ko sun ragu. A kuma biya tsohon da ya ɓata yininsa yana bayani, kamar yadda ake biyan direba.

Wasu ƙasashe sun riga mu kan wannan. A Ostireliya akwai wani katafaren dutse mai suna Uluru, wanda mutanen Anangu, 'yan asalin ƙasar, ke girmamawa. Gwamnati ta mayar musu da mallakarsa a 1985, amma baƙi suka ci gaba da hawansa duk da roƙon da masu shi ke yi, har aka hana hawan baki ɗaya a watan Oktoba na 2019. Shekara 34 ke nan ana taka abin da wasu ke ganin darajarsa. Bai kamata mu koya wa yaranmu irin wannan ziyara ba.

Mun san za a ce kai ɗa Musulmi wurin Azna kusantar shirka ne. Wannan magana ce ta iyaye masu kishin 'ya'yansu, ba kuwa za a yi watsi da ita ba. Amsar ita ce, ba a ranar arwa za a je ba, ba kuma don a yi abin da suke yi ba, kuma duk uban da bai yarda ba a bar masa ɗansa. Amma a tuna Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa, cikin Infaƙul Maisuri da ya rubuta a 1812, ya ba da labarin Kanta da ƙasashen da suka gabaci jihadi, bai ga laifin saninsu ba. Wanda ya san maƙwabcinsa ya fi wuyar zuga a kansa, kuma mutanen Ƙonni da na Illela kasuwa ɗaya suke ci, auratayya suke yi.

Babban cikas na gaskiya shi ne tsaro. 'Yan bindiga sun addabi sassan Gudu da Tangaza da Sabon Birni a shekarun nan, iyaka kuma an rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Ba mai hankalin da zai ce a jefa yara cikin haɗari don darasi. Sai dai rashin tsaro ya hana tafiya mai nisa ne, bai hana ta kusa ba. Kusan kowane gari yana da tsohuwar maƙabarta, ko kuka, ko tsamiya, ko rijiya da ake jin nauyinta, ga kuma Tafkin Kalmalo a cikin ƙaramar hukumar. Inda ba a iya zuwa, a gayyato mai tsaron wurin ya zo aji.

A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da mayar da darasin tarihi cikin makarantun firamare da ƙananan sakandare. Sashen Ilmi na Illela yana iya farawa da abu mai sauƙi: ya umurci kowane hedimasta ya zauna da dagacin garinsu, su rubuto wuraren da ake girmamawa a yankin, da sunan gidan da ke riƙe da kowanne, kafin hutun ƙarshen shekara.