Tsaron Unguwa a Jega da Aliero da Maiyama: Ina Matsayin 'Yan Sintiri?

Gabatarwa

Ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama suna cikin Masarautar Gwandu, a tsakiyar Jihar Kebbi, kuma babbar hanyar da ta taso daga Kwantagora ta bi ta Yawuri da Koko zuwa Sakkwato ta ratsa dukansu uku. Jega gari ne na kasuwa tun ƙarni na 19. Aliero ta yi suna da noman albasa da sana'ar ɗori, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a 2006. Maiyama kuwa ƙasa ce ta noma da kiwo. Duk inda kasuwa da hanya da baƙi suka haɗu akwai arziki, kuma inda arziki yake ba a rasa mai son ɗaukarsa ta ƙarfi ko ta dabara. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, wajibi ne mutanen waɗannan garuruwa su tsara aikin sa-kai na tsaron unguwanni tun yanzu, a ƙarƙashin doka, tare da 'yan sanda, kafin tsoro ya tilasta musu yin sa cikin gaggawa.

Dalilin da ya sa maganar ba ta jira

Idan aka kwatanta da wasu sassan jihar, wannan yanki yana cikin sauƙi. Amma abin da ya faru kusa da shi ya isa jan kunne. A watan Yunin 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. A watan Maris na 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba na Masarautar Zuru, aka kashe fiye da 60. A watan Nuwamban 2024 Lakurawa suka kai hari garin Mera na ƙaramar hukumar Augie. Ke nan matsalar ta taɓa kudu, ta taɓa arewa. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ban da wannan, akwai laifuffukan yau da kullum waɗanda ba sa shiga labarai amma suna hana talaka barci: satar babur, fasa shago, ƙwacen waya, satar dabbobi, da sayar da ƙwayoyi ga matasa. Manomin da ya ajiye albasarsa watanni yana jiran farashi ya tashi, dare ɗaya ya isa a raba shi da wahalar shekara. Irin waɗannan laifuffuka su ne aikin unguwa ya fi iya hanawa, domin mai yin su yakan san gari, kuma gari yakan san shi.

Abin da muka gada da abin da doka ta ce

Tsaron jama'a ta hannun jama'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A da, baƙo ba ya kwana a gari sai mai unguwa ya san wanda ya sauke shi. Fatoma yana da alhakin fataken da suka sauka gidansa, sarkin kasuwa yana lura da mu'amala, sarkin pawa yana sanin inda dabbar da aka yanka ta fito. Labari yana hawa daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa sarki. A zamanin En'e akwai dogarai da 'yan doka. Bayan juyin mulkin 1966 aka haɗe 'yan doka da 'yan sandan tarayya, sannan garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976 ya rage ikon sarakuna. Tsanin nan na isar da labari ya raunana, kuma ba a maye gurbinsa da wani mai ƙarfinsa ba.

A yau sashe na 214 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi rundunar 'yan sanda ɗaya tak ga ƙasa baki ɗaya. Duk da haka doka ba ta rufe wa jama'a ƙofa ba. Tun 1984 aka kafa kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, wato PCRC. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin aikin 'yan sanda da al'umma, kuma a wannan shekarar Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 13.3 don fara shirin. Doka ta kuma yarda farar hula ya kama wanda ya aikata laifi a gabansa, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Wannan sharaɗi shi ne iyakar da ta raba ɗan sintiri da mai ɗaukar doka a hannunsa.

Darasin da ya kamata a ɗauka

Masu adawa da 'yan sa-kai suna da hujja mai nauyi, kuma bai dace a yi watsi da ita ba. A Zamfara, kisan da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi wa waɗanda suke zargi, har a cikin kasuwanni, yana cikin abubuwan da suka mayar da satar shanu ta zama gaba tsakanin al'ummomi. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, 'yan banga suka tare motar mafarauta 'yan Arewa, zargi ya kai ga taron jama'a ya kashe mutum 16. Wanda ya ji zafin abin da aka yi wa matafiyan Uromi ba shi da hujjar yin irinsa ga baƙon da ya sauka tashar Jega.

Sai dai waɗannan misalai suna nuna illar aikin da ba shi da linzami ne. Jihohin Katsina a 2023 da Zamfara da Sakkwato a 2024 sun kafa rundunonin tsaron al'umma a hukumance, domin sun gane cewa mutane za su kare kansu ko an tsara ko ba a tsara ba. Abin da ya rage ga shugabanni shi ne su zaɓi wanda za a yi: mai rajista da horo da hisabi, ko wanda fushi ya haifa.

Yadda ya kamata a tsara aikin

Da farko, zaɓen mutane. Kada a ɗauki kowa sai mai unguwa da limami da mutum biyu masu mutunci sun tsaya masa, kuma a ajiye sunansa a ofishin 'yan sanda na yankin da fadar hakimi. Wanda aka sani da shaye-shaye ko bangar siyasa ba shi da gurbi. Tilas ne kuma a sa Fulani makiyaya ta hannun ardo-ardonsu, da sauran ƙabilun da ke kasuwanci a garuruwan. Ƙungiyar da ta zama ta ɓangare ɗaya, ɗaya ɓangaren zai ɗauke ta a matsayin abokiyar gaba.

Na biyu, iyakar aiki. Ɗan sintiri ido ne da kunne. Aikinsa zagaye, da lura, da kai rahoto, da miƙa wanda aka kama. Ba shi da ikon duka, ko tsare mutum a ofishinsa, ko yanke tara. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta gallaza wa wanda ake tuhuma don ya amsa laifi.

Na uku, kuɗi. Fitila da takalmi da man babur duk da kuɗi ake samunsu. Idan ba a tanade su ta hanya bayyananniya ba, ɗan sintiri zai nema a kan hanya, daga nan shingen tsaro ya koma shingen karɓar na-goro. Ƙananan hukumomi su ware kaso tsayayye, ƙungiyoyin 'yan kasuwa su tallafa, a riƙa karanta lissafi a gaban jama'a.

Na huɗu, amanar 'yan sanda. Babban abin da ke hana mutane kai rahoto shi ne tsoron sunansu ya koma kunnen wanda suka tona. Wajibi ne babban jami'in 'yan sanda na kowane yanki ya samar da hanyar karɓar bayani a asirce, ya kuma zauna da kwamitin unguwanni a kai a kai ya faɗi inda aka kwana a kan ƙorafin da aka kawo.

Na biyar, kowane gari ya dubi inda ɗakinsa ke yoyo. A Jega, hankali ya koma kan tasha da kara da 'yan acaba, a rubuta bayanin dabba da babur kafin a sayar. A Aliero, masu gidajen haya na ɗalibai da ƙungiyar ɗalibai su shiga kwamiti. A Maiyama, a kafa zaman sulhu tsakanin manoma da makiyaya kafin kaka, a kuma kiyaye burtali. Mata ma suna da gurbi, domin su ne ke fara lura da yaron da halinsa ya sauya. Ita kuma jami'a tana iya taimakawa da horo da tattara alƙaluman laifuffuka, don a daina aiki da jita-jita.

Kammalawa

Ɗan sanda da aka turo daga wata jiha ba zai san lungunan Jega kamar wanda aka haifa a cikinsu ba, shi kuma ɗan gari ba shi da ikon bincike da gurfanarwa. Kowannensu yana buƙatar ɗan'uwansa. Nauyi yana kan shugabannin ƙananan hukumomin uku da hakimai da jami'an 'yan sanda su zauna su rubuta ƙa'idojin wannan aiki, su bayyana su ga jama'a a masallatai da kasuwanni. Yin haka a lokacin da ake da sauran kwanciyar hankali ya fi sauƙi da araha a kan yin sa bayan an yi asarar rayuka.